Kyautar autarmu: kayan haɗa lemo na gani ko na giya?

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum jama'ar gida, dan Allah shawara nake nema. Autarmu ta gama sakandare bana tana zaman jiran sakamako, kuma yarinyar nan tun tana aji uku ita ke mana zoɓo da lemon citta duk azumi, har maƙwabta ke aiko yara da jug a zuba masu. Na yi niyyar in mata kyautar da za ta riƙe ta ta fara 'yar sana'a, ba atamfa ko waya ba. To jiya ina dube-dube a intanet na ci karo da wani saiti, bokiti babba mai murfi da famfo a gindi, da tiyo, da kwalabe, da abin danne marfin kwalba irin na lemon kwalba, sai wani gwangwani da 'yar ledar yis. An ce na masu fara koyo ne, a jikin ɗaya ma har da hoton citta. Abokina zai dawo daga Ingila ƙarshen wata ya ce zai riƙo min. Akwai babba akwai ƙarami, wanne zan ce ya sawo? Abin da na ware dubu 80 ne.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Kai Allah shi maka albarka, ba kowane yaya ke irin wannan tunanin ba. Amma mi za a yi da yis cikin lemo? Shekara 9 ina sai da zoɓo da kunun aya ban taɓa sa yis ba, yis ai na fanke ne da burodi

Na Ingila: Ƙanena dakata tukun kar ka tura kuɗi. A kan murfin bokitin akwai wani ɗan bututun roba a lanƙwashe da ake zuba ruwa a ciki?

Ɗan Ƙofar Marusa: Eh Yaya akwai shi, na ɗauka ma'auni ne

Na Ingila: To kayan haɗa giya ne a gida. Nan ana sai da su a fili kuma mutane na ba juna kyautarsu lokacin Kirsimeti, tun 1963 aka cire masu neman lasisi in dai mutum don shan kansa zai yi, a Amurka kuma sai 1978 aka sa hannu a dokar da ta yarda da shi. Gwangwanin da ka gani tsiron sha'ir ne aka dafa aka ƙafe shi ya yi kauri kamar zuma, an sa masa wani fure mai ɗaci da suke ce ma hofs. Mai hoton cittar shi ne ya ruɗe ka kuma ba laifinka ba ne, akwai abin da suke kira jinja biya, wanda ke cikin gwangwani a shago yawancinsa lemo ne kawai mai gas, amma na saitin nan da ake sa ma yis a bari ya kwana biyu yana bugarwa. Suna ɗaya abu biyu.

Ɗan Ƙofar Marusa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wlh tallahi ban sani ba. Da yanzu na kai ma Hajiyarmu wannan abu cikin gida da hannuna

Kawu na Daura: Alhamdu lillahi da ka tambaya ɗana. Matambayi ba ya ɓata. A bar maganar saitin nan haka nan, a nemo ma yarinya wani abu.

Injiniya: Kawu a gafarce ni amma ni ban ga dalilin watsar da shi gaba ɗaya ba. Bokiti ai bokiti ne. Roba ce mai kyau wadda aka yi don abinci, ga famfo, ga kwalabe, ga abin rufe su. Ya zubar da gwangwanin da yis ɗin ya ba ta sauran mana. Wuƙar da mahauci ke yanka da ita ita ce ɓarawo ke riƙewa, ba a ce wuƙa haramun ba.

Kawu na Daura: Wuƙa ba a ƙera ta don sata ba. Wannan kuwa tun daga kwalinsa an faɗi abin da aka yi shi dominsa. Kuma ka tuna inda muke, tun shekarar 2000 zamanin marigayi Umaru Musa Yar'adua ake shari'a a jihar nan ta Katsina. Yarinya budurwa a ce an ga kwali mai hoton kofin giya a ɗakinta, kai ka san bakin mutane, ko ruwan zamzam ta zuba a ciki sai an yi magana

Injiniya: Maganar mutane daban hukunci daban Kawu. Ni hukuncin nake tambaya

Ɗalibin Ilimi: Bari in ɗan sa baki da abin da na karanta gaban malamai, wanda ya fi ni sani ya gyara min. Haramcin giya ba gardama, aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta gama magana, kuma hadisi ya zo cewa abin da mai yawansa ke bugarwa to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Akwai kuma hadisin da aka la'anci mutum goma a kanta, ciki har da mai matsa ta da mai ɗaukarta da mai sai da ta da mai cin kuɗinta, ba mai sha kaɗai ba. To gwangwanin nan da yis ɗinsa an haɗa su ne don abu guda, saye da kyautar da su ba hanya. Amma a maganar mazubi Injiniya yana da abin riƙewa. Da farko Annabi (SAW) ya hana jiƙa dabino a wasu mazubai, irin su gora da kututturen dabino da aka fafe da tulun da aka shafe da kwalta, saboda abu na saurin tashi a cikinsu mutum bai ankara ba. Daga baya ya ce a sha a kowane mazubi amma kar a sha mai bugarwa, yana cikin Sahihu Muslim. Kun ga ke nan ba robar ce najasa ba, abin da ke faruwa a cikinta ne abin tsoro.

Injiniya: Yawwa abin da nake faɗi kenan

Ɗalibin Ilimi: Ban gama ba Injiniya. Ba a sai maka da bokitin shi kaɗai ba ai, saitin za ka biya gaba ɗaya har da gwangwanin, kuɗinka sun tafi wurin mai sana'ar, abokinsa kuma ya ɗauko a jakarsa. Mi ya kai mutum wannan lungun alhali bokiti mai famfo yana nan jibge a babbar kasuwa?

Malamin Kimiyya: Ku ba ni dama in yi bayanin yadda abin ke aiki don wlh ya shafi zoɓon da muke sha kullum fiye da yadda muke zato. Yis abu ne mai rai, ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. Abincinsa sukari, in ya ci sai ya fitar da abu biyu, iskar da ke kumbura fanke da kuma sinadarin da ke bugarwa. A burodi wuta ke kore mafi yawansa ta kashe yis ɗin. A bokitin can kuwa so ake ya zauna ya yi ta ci, shi ya sa babban yake lita 23, a juye gwangwanin nan mai wajen kilo ɗaya da rabi a ƙara sukari kilo guda a cika da ruwa a rufe sati ɗaya zuwa biyu. Ɗan bututun da Na Ingila ya tambaya aikinsa iska ta fita ta cikin ruwan tana ɓulɓul amma ta waje kar ta shiga. Akwai wani gilashi dogo mai iyo da suke auna ko sukarin ya ƙare. Sannan a ɗura a kwalba a ƙara ɗan sukari a rufe wani sati biyun don ya yi gas, ƙarfinsa ya kan kai kashi 4 zuwa 5 cikin 100. Duk kayan nan an tsara su ne don a riƙe abu ya daɗe yana tashi. Mai zoɓo kuwa akasin haka take nema, so take ta dafa ta tace ta sanyaya a shanye kafin komai ya motsa. Ko da babu maganar addini kayan ba na aikinta ba ne.

Kuma yis ɗinsu yana son sanyi-sanyi, digiri 18 zuwa 22 haka. Mu nan watan Afrilu muna haura 40.

Na Ingila: Gaskiya ne Malam, nan ma da rani sukan nemi wuri mai sanyi su ajiye

Maman 'Yan Biyu: Malam tsaya in tambaye ka don gabana ya faɗi. Ni ban sa yis amma abin da ka faɗa ya taɓa faruwa gare ni. Wata bazara ana saura kwana kaɗan azumi aka ba ni aikin biki, lemon citta da abarba gora 120. Na gama da la'asar na ɗura na jera cikin firiza, wuta ta tahi tun magariba ba ta dawo ba har kwana biyu, ƙanƙara kuma ta yi tsada na ce bari in jira. Ranar na buɗe firizar na iske gorunan sun yi tauri kamar dutse gindinsu ya turo waje ba su iya tsayuwa, na murɗa marfin guda ɗaya sai ji kake fuuu ya feso min har fuska, kumfa na ta ambaliya, wari kamar ƙullun da ya kwana. Na zamna bakin ƙofar kicin na yi kuka don jarina ne duka a ciki. Na kwarara su a kwata na maida ma matar kuɗinta. To wannan ɗin mi ya zama kenan?

Malamin Kimiyya: Hajiya abin da ya faru kenan, ya fara tashi. Yis ba sai an saye shi a leda ba, yana jikin ɓawon abarba da citta da dabino, yana cikin iska, yana maƙale a gorar da ba ta wanku ba. Kin ba shi sukari zafin gari ya ba shi ɗumi. Kin yi daidai da kika zubar. Kuma ki gode Allah roba ce, da kwalbar gilashi ce mai marfin ƙarfe irin ta saitin can fashewa take yi, masu haɗa giyar kansu suna jin tsoron wannan in suka ɗura kafin sukari ya ƙare. Ka ba yarinya 'yar shekara 17 kwalabe 40 na gilashi da lemo mai sukari a garin da wuta ba ta da tabbas, ni ba zan yi ba.

Ɗalibin Ilimi: Allah ya saka maki Hajiya. Kuma wannan ba sabon abu ba ne, Ibn Abbas ya ruwaito ana jiƙa ma Annabi (SAW) zabibi ya sha ranar da gobe da jibi zuwa yamma, abin da ya rage sai ya sa a shayar ko a zubar. Har da iyakar kwana aka bi. Mu da zafinmu sau da yawa ko kwana ukun ba ya kaiwa.

Anti Nas: Kunun aya ma ai ko wuni ba ya yi in ba sanyi. Ni abin da ya fi damuna a harkar nan goruna ne. Kowa ya san inda yawancin gorunan zoɓo ke fitowa, yara ke tsinto su wurin biki da tasha da bola, wasu har daga asibiti, a ɗauraye sama-sama a ɗura. Muna ganin masu gudawa da amai a wurin aiki musamman da azumi, ba na ce duka daga nan ba ne amma wlh ina ganin gora mai lakabin wani lemo daban da zoɓo a ciki sai in ji ba daɗi. In kana son ka yi ma ƙanwarka gata ka sai mata sababbin goruna masu marfin da ba a taɓa buɗewa ba, ko da su kaɗai ne kyautar

Injiniya: Anti to a nan dai ku yarda masu saitin can sun fi mu. Duk wanda ya karanta takardarsu zai ga rabin bayanin wanki ne, kowane cokali kowace tiyo sai an kashe ƙwayoyin cuta kafin ta taɓa abin. Ba giyar nake yabo ba Allah ya kiyaye, tsaftar nake nufi da awo

Anti Nas: Wannan kam na yarda. Amma ba sai an je Ingila za a koyi wanke gora ba

Kawu na Daura: Iyayenmu ma ai suna yi. Mahaifiyata Allah ya jiƙanta ƙwaryar nononta ba ta haɗa ta da komai, ta wanke ta kife a rana, wani lokaci ta turara ta. Kuma tsiron da kuke ta faɗi kamar baƙon abu, tsiron hatsi ai shi ake sa ma kunun zaƙi ya yi zaƙi ya tsinke. Shi kuma Maguzawa na wajen Malumfashi da Kafur ke yin burkutu da shi, dawa ce a jiƙa ta tsira a shanya a niƙa a dafa. Hatsi ɗaya ne, bambancin mai kunu ta sauke a sha yau, mai burkutu ta bari ya kwana ya tashi. Mun san abin nan tun kafin a sa shi a kwali.

Malamin Kimiyya: Kawu ka faɗi gaskiya, har kamfanonin giya na ƙasar nan da aka hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 dawa suka koma ma, kuma irin tsiron ne ake lemon malt da shi, shi ba a barinsa ya tashi

Amaryar Sabuwar Unguwa: Ni tambayata daban, oga na a wurin aiki Kirista ne kuma mutumin kirki, in shi aka ba irin wannan fa?

Ɗalibin Ilimi: Kyautata masa abu ne mai kyau 'yar uwa, amma ba da wannan ba, ke ce dai kika saya kika miƙa. Ga turare ga yadi ga zuma ga kilishi

Admin: Jama'a mu dawo kan tambayar bawan Allah, har yanzu ba a faɗa masa mi zai saya ba

Maman 'Yan Biyu: To ƙanena saurara, in ɗiyata ce ga yadda zan kashe kuɗin nan. Farko tukunya babba ta ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, kar ka sai ta dalma, zoɓo shina da tsami shina cin ta har ka ji ɗanɗanon ya canza launin ya dushe. Sai bokiti biyu masu murfi farare sababbi, ɗaya mai famfo don ɗuri, kuma ka ja mata kunne ba a wanki da su ba a ɗibar ruwan wanka da su ko Hajiya ce ta aiko. Rariya mai laushi da ƙyallen tata fari guda biyu ko uku don kunun aya sai an tace an sake tacewa in ba haka ba ya riƙa kama maƙoshi. Mazurari. Buroshin wanke gora mai dogon hannu. Kula mai kyau wadda ke riƙe ƙanƙara tun safe har la'asar, nan ne kar ka yi rowa, in kuɗin za su ƙare su ƙare a kula, don ita ce firij ɗin talaka. Blenda kuma kar ka wahalar da kanka, ƙaramar blenda aya ke kashe ta cikin sati, ta jiƙa ayarta ta kai markaɗe kamar kowa, ta dai tsaya a kai a wanke injin kar a markaɗa mata bayan mai tattasai. Canjin da ya rage ka sai mata zoɓo tiya ɗaya baƙi mai kyau da citta busassa da kanunfari da sukari. Kuma ta fara da gora 20 kacal. Ta sai da ta ga yadda unguwa ke sha, gobe ta ƙara. Asarar da na ba ku labari yawa ne ya jawo ta, na ɗauki abin da ba ni da sanyin riƙe shi.

Malamin Kimiyya: In ƙara abu biyu masu araha, ƙaramin sikeli na kicin da ma'aunin zafi na abinci. Sikelin don zoɓonta na yau ya zama irin na jiya, mai saye abin da ke dawo da shi kenan, kuma ta san nawa ta kashe nawa ta samu. Ma'aunin zafin kuma zai buɗe mata wata ƙofar, yogot. A nan ne zafin Katsina ya zama alheri. A dafa madara ta kai wajen digiri 85, a bari ta huce zuwa 43, a zuba cokali biyu na yogot mara sukari a juya a rufe a sa cikin kula awa 6 zuwa 8, shi kenan. Ƙwayoyin da ke wannan aikin ba yis ba ne, su tsami suke fitarwa shi ke sa madarar ta kama, irin aikin da matan Fulani ke yi da kindirmo tun fil azal. In ta iya wannan ga fura a gari ko'ina.

Injiniya: Na sauka daga maganar bokitin Ingila, lissafin ma bai fita ba in aka haɗa da canjin fam da nauyin kaya a jirgi. Amma ma'aunin nan mai iyo da ke gwada sukari ni har yanzu ina ganin zai yi amfani, ana sai da shi shi kaɗai

Maman 'Yan Biyu: Injiniya harshenta da sikeli sun isa yanzu. Gilashi ne siriri kwana biyu ƙannen gida sun fasa shi

Anti Nas: Kuma in abin ya kankama ta fara sa lakabi tana kai shaguna sai an nemi rajistar NAFDAC, amma wannan sai gaba. Yanzu dai ruwan da za ta yi amfani da shi a tafasa, har wanda za ta ƙara bayan ta tace, mutane na dafa zoɓo da kyau sai su zo su sirka da ɗanyen ruwa

Ɗan Ƙofar Marusa: Wlh na rasa bakin godiya, Allah ya saka ma kowa da alheri ya jiƙan mahaifa. Na kira abokina na ce ya bari, shi ma ya ce bai duba da kyau ba. Na gaya ma Hajiya shawarar da aka ba ni ta ce tukunyar kar in saya tana da wata cikin kayanta da ba a taɓa ɗorawa ba za ta ba ta, kuɗin sai in ƙara a kula. Anti Maman 'Yan Biyu in ba damuwa ko autar za ta zo wurinki ta wuni biyu ta ga yadda kike kunun ayar? Zoɓo ta iya amma kunun aya duk ta yi sai ya tsinke ya raba ruwa.

Maman 'Yan Biyu: Ta zo mana ɗiyata ce. Asabar nike jiƙa aya da dare, ta zo lahadi da sassafe kafin a kai markaɗe, ta taho da hijabin aiki da ƙyallen tatarta. Rabuwar ruwa kuwa ko mai kyau ne shina kwantawa in ya zamna, girgizawa ake, amma zan ga yawan ruwan da take sawa

Kawu na Daura: Ɗana in ta fara a aiko min da gora biyu ta motar Daura, na zoɓo, kar a cika sukari. Ni zan fara saye kuma kuɗi zan biya.

Ɗan Ƙofar Marusa: In sha Allah Kawu. Saura sababbin gorunan, wa ya san layin da ake sai da su a babbar kasuwa, kuma ƙanana zan ɗauka ko manya?

Maman 'Yan Biyu: Ƙanana, su yara da 'yan makaranta ke iya saye. Ka matsa marfin ka ga zoben na nan bai rabu ba kafin ka biya. Gobe da hantsi zan shiga kasuwa sayen aya, ka same ni bakin ƙofa in nuna maka.